Kwalbar Irin Mama Jimmai

Idan ka bar Gate City Boulevard ka karya kwana ta bayan wajen sayar da tsofaffin motoci, za ka faɗa wata unguwar gidajen tirela, irin waɗanda ake janyowa da mota a kafa, gida talatin da takwas a jere, kowanne da 'yar matakalarsa ta katako. A nan Bernard yake aiki, a nan kuma yake kwana. Shi ne mai gyara. Famfo ya fashe, Bernard. Wuta ta ɗauke, Bernard. Kyanwar wata tsohuwa ta maƙale a ƙarƙashin gida, shi ɗin dai za a kira. Albashinsa ba abin da za a cika baki da shi ba ne, sai dai fegin da tirelarsa take kai ba ya biya masa haya, kuma a Greensboro wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan gida na ƙarshe akwai wani fili da ya gangara har gindin itatuwa. Can ƙasa, inda ruwan sama yake taruwa ya jiƙa ƙasar sosai, a nan uwarsa, Mama Jimmai, take da gonarta. Bernard yana ce wa wurin lambu, ita kuwa ba ta taɓa yarda ba, gona ce. Kunya goma sha huɗu ce, akwai kuɓewa da gauta da barkono a gefe, amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Abin da ya kai ta wurin yakuwa ce.

Irin yakuwar na uwarta ne. Daga ƙauyensu na bayan Billiri ta zo da shi shekara tara da suka wuce, a ƙulle a bakin zane, kuma har yau idan aka tambaye ta yadda ta wuce da shi filin jirgi sai ta ce ai ba wanda ya tambaye ta. Gajeriyar yakuwa ce mai jan kara, mai tsami har cikin kunne. A shekarar farko sanyi ya ƙone ta tun ba ta yi 'ya'ya ba, sai tushe uku da suka yi sauri. Daga waɗannan ukun ta ɗebi iri. Kowace shekara haka take yi, ta zaɓi masu riga sanyi nuna, har ta samu yakuwar da ta san ƙasar nan. A gida kuwa irin ya ƙare. Uwar ta rasu, ƙanwar da take ajiyewa ta rasu, gonar an yanka ta an yi shaguna. Abin da ya rage a duniya yana cikin wata kwalbar zuma a kan firjin Bernard.

Mai unguwar, wani tsoho ne Bature mai suna Mista Harlan, shi ya ba ta wurin da baki. Ita kuma ta riƙe shi yadda ake riƙe gonar aro a gida. Duk ƙarshen kaka sai ta cika kwando da busasshen zoɓo da barkono da kuɓewa, ta yafa mayafi, ta sa Bernard a gaba su kai ofis. A wurinta ba kyauta ba ce. Idan mai ƙasa ya karɓi kwando, ya bar maka gonar baɗi ke nan, kuma ko duniya za ta tashi ba zai taɓa ta ba sai ka girbe. Mista Harlan bai san wannan ba, kuma Bernard bai ga dalilin wahalar da bakinsa ba. Tsohon yakan yi dariya ya ce na gode, Mama ta durƙusa ta ce Allah ya ja kwana, kowa ya tafi da fahimtarsa.

A bara ciwon shanyewar jiki ya kwantar da tsohon, aka kai shi gidan kula da tsofaffi, 'yarsa Donna ta karɓi ofis. Da Nuwamba ta zo, Mama ta kai kwando kamar kullum. Donna ta karɓa da hannu biyu, har ta rungume ta.

A watan Maris Donna ta kira Bernard ofis ta shimfiɗa masa wata babbar takarda. Za ta ƙara fegi takwas a filin baya. Ta ce haraji ya hau, inshora ya hau, gidan da ake jinyar babanta yana cinye kuɗi kamar ana zuba ruwa a rariya. Gida talatin da takwas ba sa ɗaukar nauyin wurin. Ko dai ta ƙara, ko ta sayar wa wani babban kamfani da yake ta yi mata waya, su kuwa kowa ya san hayar za su ninka.

"Ka gaya wa Mama tun da wuri," in ji ta da Turanci. "Ban san ko aikin zai kai wurinta ba, amma ta sani."

Bernard ya ce to. Wannan "to" ɗin nasa shi ya kashe shi. Mutum ne da zai iya kwana biyu a cikin ramin ƙazanta yana gyaran bututu bai yi tsaki ba, amma ka ce ya buɗe baki ya faɗa wa uwarsa abin da ba ta son ji, sai ka ga ƙato yana sosa ƙeya. Kafin ya isa gida ya riga ya samo wa kansa mafita: aikin ba zai yiwu ba. Ya ga lissafin a gefen takardar, dala dubu goma sha biyar kowane fegi, shi kuwa ya san ƙarya ce. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa haƙa rami a jar ƙasar nan ba. Idan kuɗin gaskiya ya fito, Donna da kanta za ta naɗe takardar. To me zai sa ya tayar wa tsohuwa hankali a kan abin da ba zai faru ba?

Da 'yan safiyo suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku, Mama ta leƙo ta taga ta tambaye shi.

"Awo suke yi, Mama. Na gwamnati ne, kowace shekara sai sun yi."

Shekara tara tana wurin ba ta taɓa ganinsu ba, amma ta yarda. Ɗanta ne, kuma shi ya san Turanci.

A farkon Mayu ƙasa ta yi ɗumi. Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi, ta sauko da kwalbar daga kan firji ta ɗaga ta wajen haske. Irin bai kai rabi ba, domin bara sanyi ya yi sammako. Al'adarta ce ta shuka kashi biyu ta bar ɗaya, saboda ba a san abin da shekara za ta zo da shi ba. Ta kira shi da sunan 'yarsa, kamar kullum.

"Baban Angelina, dubi ɗan abin da ya rage. Matan zumuntar coci kuma sun dame ni, kowacce tana son iri. In shuka duka, ko in rage?"

Idan ya ce ta rage, za ta ce don me. Ya san ta. Za ta tsare shi da idanun nan nata har sai maganar ta fito, ga shi kuma ana jiransa a gida na goma sha biyu, ruwa yana tsiyaya.

"Shuka kawai, Mama. Bana za a yi albarka."

Ta shuka duka. Ta wanke hannu ta mayar da kwalbar kan firji ba komai a ciki.

Daga nan Bernard ya zama ɗan kallon lissafi. Duk takardar da ta shigo ofis sai ya san dalilin da zai sa ya shiga neman makulli. Da farko abin ya tafi yadda yake so. Shimfiɗar siminti da turken lantarki na kowane fegi suka zo sama da yadda aka zata. Bututun ƙazanta ba zai gangara da kansa zuwa babban layi ba, sai an sa injin turawa. Kuɗin jona ruwa daban, kuɗin izini daban, injiniya kuma ba ya ɗaga biro sai an biya shi. Aka ce hanyar dole ta yi faɗin da motar kashe gobara za ta juya. Dubu goma sha biyar ta zama ashirin da biyu, ta zama ashirin da bakwai. Donna tana riƙe kai tana kiran sunan Allah, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa da fuskar jaje, cikinsa fari ƙal. Kunya takan kama shi, domin ya san idan aikin ya rushe aka sayar da wurin, fegin nasa na kyauta ne zai fara tafiya. Amma wannan matsalar baɗi ce, tasa ta bana tana can tana fitar da ganye.

Matarsa Serah ce kaɗai ta sani. Tana aiki a wani gidan jinya can wajen Wendover, takan dawo a gajiye, ba ta da ƙarfin zagaye-zagaye.

"Ka faɗa mata. Kai fa kana gambling ne da abin da ba naka ba."

"Budget ɗin ya riga ya fashe, Serah. Babu bankin da zai ba ta loan a kan wannan."

"In kuma ya bayar fa?"

Ya ce ba zai bayar ba, ya ɗauki hularsa ya fita.

A Yuni injiniya ya dawo da sabon zane. Tunda za a rufe ƙasa da kwalta da siminti, dole a haƙa tafkin da zai tare ruwan sama. Wannan kaɗai dala dubu sittin. Bernard ya kusa yin rawa, sai da ya duba inda aka zana tafkin. Can ƙasa ne, inda ruwa yake taruwa. Abin da Mama ta gani a wurin ta zaɓe shi, shi injiniya ya gani.

Duk da haka bai saduda ba, ya ce ai yanzu ne ma kuɗin ya fi ƙarfin kowa. Yakuwa kuwa ta kai gwiwa, ta kai ƙugu. Mama tana tsinkar ganye tana yi musu faten tsaki, tana aika wa matan coci a leda. Ranar ashirin da uku ga Yuli banki ya amince. Donna ta jinginar da gidanta na Sedgefield, abin da bai taɓa shiga lissafin Bernard ba.

Washegari ya same ta a ofis, ya cire hula, ya roƙe ta wata uku. Ya ce yakuwar ba ta fure sai rana ta fara gajarta, iri kuma ba ya nuna sai ƙarshen Oktoba. A fara da sama, a bar ƙasa zuwa lokacin.

Donna ba muguwa ba ce, da ma muguwa ce da abin ya zo masa da sauƙi. Ta kira ɗan kwangila a gabansa ta sa wayar a fili. Mutumin ya ce tafki ake fara haƙawa, doka ce, ba a taɓa ƙasar sama sai an yi inda laka za ta taru. Farashin da ya bayar na Agusta ne. Idan ya wuce, injinansa suna da wani aiki, sai bazara, kuma da ƙarin dubu arba'in aƙalla. Ruwan bashin banki kuwa ya riga ya fara tafiya.

"Bernard, gidana na sa a ciki," in ji ta. "Ba ni da dubu arba'in. Zan saya mata iri, ko nawa ne. Zan sa a yi mata akwatin shuka a gefen gidanku."

Ya yi ƙoƙarin bayyana mata cewa ba irin da ake oda ba ne. Turancinsa da yake gyara famfo da shi bai kai nan ba. Ya fito ya zauna cikin motar aiki ya daɗe bai kunna ta ba. Babu wanda zai yi wa faɗa, babu ofishin da zai kai ƙara, kowa yana da gaskiyarsa a rubuce. Kwana uku bayan haka aka ba shi fegi-fegin katako masu jan ƙyalle ya kafa, domin aikinsa ne. Ya kafa na sama, na ƙasa ya ɓoye su a bayan mota.

Katafila za ta zo ranar Litinin. Ranar Asabar da safe ya dawo daga kanti da bokiti goma sha biyu da buhun ƙasa huɗu, ya sauke a bakin gona. Mama tana sunkuye tana cire ciyawa. Ta miƙe ta dubi bokitan, ta dube shi.

Ya faɗa mata. Bai iya jera maganar ba, ya fara da inshora, ya koma tafki, ya dawo kan gidan Donna. Ta bar shi har ya gama.

"Ta karɓi kwando," in ji ta.

"Mama, nan ba haka ake yi ba."

"Da hannu biyu ta karɓa, kana tsaye. Yarinya ce, ba ta sani ba, babanta bai gaya mata ba. Mu je in tuna mata."

Ta shiga gida ta canza zane, ta yafa mayafin da take kai kwando da shi. Ya bi ta a baya kamar wanda za a kai wa alƙali. A ofis ta durƙusa ta gaida Donna, ta tambayi jikin Baba, sannan ta yi bayani a natse, shi yana fassarawa. A karon farko cikin shekara tara ya fassara kwandon yadda yake. Ta ce ba ta zo jayayya ba, ƙasa ta mai ita ce. Amma ba a karɓar gona da shuka a tsaye. A bar ta ta girbe, ranar da ta cire iri za ta kawo fartanyarta ta ajiye a nan.

Idanun Donna suka kawo ruwa. Ta ce wallahi ta ɗauka tsarabar godiya ce irin ta ƙarshen shekara. Ta ce da tana da yadda za ta yi da ta yi. Sannan ta juya ta dubi Bernard, ba da niyyar komai ba, cikin ruɗewa kawai.

"Amma ai tun Maris na gaya maka, Bernard. Na ce ka faɗa mata tun kafin ta shuka."

Bernard ya buɗe baki zai fassara. Zai iya cewa tana ba da haƙuri ne. Ya saba.

"Ba sai ka juya wannan ba," in ji Mama. "Na ji sunanka, na ji sunan wata."

Ta dafa gwiwa ta tashi, ta yi wa Donna sallama da ladabi kamar yadda ta shigo. A hanya ta yi gaba abinta, yana bin ta a baya. Da ta zage shi da ya ji daɗi, da ta ɗaga hannu ta mare shi a gaban maƙwabta da ya gode.

Da rana ya ɗauki shebur ya shiga gonar shi kaɗai. Yakuwa mai saiwa ɗaya ce doguwa, tana nutsewa ƙasa, kuma ba ta son a taɓa ta idan ta girma. Duk wadda ya haƙa sai ya ji ƙas a ƙarƙashin shebur. Ya cika bokiti goma sha biyun, ya jera su a inuwar tirela, ya yi ta ba su ruwa. Mama ta fito sau ɗaya, ta kama ganye ɗaya ta murza tsakanin yatsu, ta koma ciki. Kafin su dawo daga coci ranar Lahadi, goma sun sunkuyar da kai, biyun da suka rage ma ganyensu ya yi laushi kamar an zuba musu ruwan zafi. Serah ta ce ko a gwada yanka reshe a sa a ruwa. Aka gwada, don dai a ce an yi wani abu.

Ranar Litinin da ƙarfe bakwai babbar mota ta sauke katafila. Direban ya nemi mai gyara ya nuna masa iyaka, Bernard ya fito da fegin da ya ɓoye ya kafa su da hannunsa, ɗaya a tsakiyar kunya ta shida. Ya roƙi mutumin minti ashirin. Mama ta sauko da babban kwandon, wanda take kai wa ofis, ta bi kunya-kunya tana tsinke ganye, ba gaggawa. Ya shiga zai taya ta, ta ce ya bari, yana karya mata kara. Karan da za a niƙe nan da minti goma. Ya koma gefe ya tsaya, hannuwansa ba su da abin yi.

Ba ta tsaya kallo ba. Aikin ma bai ɗauki lokaci ba, tafiya huɗu katafilar ta yi, wurin ya koma jar ƙasa. Warin yakuwa ya tashi, mai tsami, har direban ya leƙo ya tambayi ko wane ganye ne wannan.

Da ya shiga gida ya same ta a kicin ta zube ganyen a tire za ta shanya. Kwalbar tana kan tebur, an sauko da ita.

"Mama, ki yafe mini. Na ɗauka kuɗin zai hana su."

Ta ci gaba da baza ganye.

"Ita yarinyar ba ta san kwando ba, ban riƙe ta ba. Kai ka san kwando, ka san takarda." Ta ɗago ta dube shi, ba fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi ci masa rai. "Na tambaye ka, Baban Angelina. Kwalbar nan tana hannuna na tambaye ka. Cokali ɗaya da na rage ya isa."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ɗan kwangila ne yana neman inda babban famfo yake. Mama ta tura masa kwalbar ta kan tebur.

"Ɗauka ka zuba ƙusoshinka. Je ka, ana kiranka."